Dalma a Ƙarƙashin Kujerar Narae

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Injin ya iso yau a jirgin ruwan safe. Na karɓo shi bayan na tashi daga rumbun tantance lemo, na ajiye kwalin a gareji kusa da babur ɗin 'yata Narae, ban buɗe ba sai da na wanke hannuna. Fassarar ɗan littafin da ya zo da shi ba ta da kyau, amma zanen a bayyane yake. Na karanta shi sau biyu a tsaye.

Ya kamata in rubuta dalilin aikin nan, domin ranar da na gaji in dawo in duba. Lahadin farko ta Satumba zuriyarmu ta Bu za ta hau tudu yankan ciyawar kaburburan kakanni, kamar kowace shekara. A nan tsibirin Jeju ana iya yi wa mutum uzurin rashin zuwa ɗaurin aure, amma ba na wannan rana ba. Bara a bayana na goya Narae har sama saboda ciwo ya raunana ƙafafunta, tana 'yar shekara goma, ta cusa fuskarta a wuyana don kada 'ya'yan dangi su gan ta. Makon jiya muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce:

"Bana ba mai goya ni. Da babur ɗina zan hau."

Mahaifiyarta, Okju, ta ce, "Ci abincinki."

"Na ƙoshi. Baba, ka ji abin da na ce?"

Na ce na ji.

Babur ne na yara mai ƙafa huɗu, marigayi mahaifina ya saya mata. Injinsa mai lamba hamsin ne, ko a lokacin da ƙafafunta ke da ƙarfi a rabin tudun yake mutuwa, ta sauka ta tura. Sabon mai lamba ɗari da goma ne. Ranar Talatar da ke bin yankan ciyawa za su koma asibiti a Seoul, ita da mahaifiyarta. Ba a faɗi ranar dawowa ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, tsakar rana

Alhamis ce, Okju ta kai Narae gari a ɗebi jininta. Na nemi hutun rabin yini.

Na zubar da tsohon baƙin mai, na cire sarƙa da salansa. Kowane noti na sa shi a raminsa cikin kwalin ƙwai, na rubuta inda ya fito a gefe. Ina cikin haka Inna, mahaifiyata, ta dawo daga nutso a teku, rigar robar a zuge har ƙugu, tana ɗigar ruwa a ƙofar gareji.

"Changsik, kwalin ƙwaina ne wannan?"

"Zan mayar, Inna."

"Da baƙin mai? Riƙe abinka." Ta leƙa ɗan littafin da na danne da dutse. "Shekara hamsin da ɗaya a duniya, ba ka iya kwance noti sai takarda ta ba ka izini. Ubanka da haƙori yake kwance irin wannan."

"Shi ya sa bai tafi da haƙori ko ɗaya ba, Inna."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta tambaya ko sun kira waya. Na ce ba su kira ba. Ta tafi wanke dodon koɗinta, ni kuma na koma shafin da nake.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Tsohon injin ya fita. Ban zaci zai yi rashin nauyi haka ba.

Na duba shokozoba, biyu na gaba da ɗaya na baya. Iskar teku ta cinye su, ɗaya yana yoyon mai, kusoshinsu sun kama har sifana ta soma zamewa. Dole na sa zarto. Ba za su sake moruwa ba, kuma dama ɗan littafin ya ce duk wanda ya ƙara ƙarfin inji bai canza shokozoba ba, ya yi rabin aiki ne mai haɗari. Na ja layi a ƙarƙashin wannan jimla.

Lahadi, 11 ga Agusta, da safe

Ramukan kusoshin ƙasa ba su dace ba. Na gaji.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Na goge ramukan da magogin ƙarfe har suka dace. Injin ya zauna.

Na yi odar shokozoba. Masu sayarwa sun kasa su gida uku gwargwadon nauyin mahayi, kuma sun yi gargaɗi da jan rubutu cewa yaro girma yake yi, kada a saya masa abin da zai fi ƙarfinsa cikin wata shida. Shawara ce mai ma'ana. Na tuna awon da aka yi wa Narae a makaranta farkon bara, kilo talatin da shida, na ƙara biyu saboda shekarar da ta wuce, na zaɓi na tsakiya. Na sake lissafin kafin in tura. Daidai ne.

Ina jin tarinta ta bango ina aikin. Ban shiga ba, hannuna da maiƙo.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Baffa Manho, ƙanin mahaifina, ya zo rabon aiki: wa zai kawo injin yankan ciyawa, wa zai kawo giyar shinkafa da busasshen kifi na gaisuwa. Shi ne babba yanzu. Ya zauna a kan kwalin injin ba tare da ya tambaya ba, ya daɗe yana kallon babur ɗin.

"Wannan fa?"

Na yi masa bayani.

"Changsik, ka ji magana. Ku bar yarinyar a gida wajen mata masu girki. Ba wanda zai ga laifinku." Ya sassauta murya. "Kuma dama ina so mu yi maganar gefen mahaifinka. Kai kaɗai ne, ba ɗa namiji. Jikana zai iya karɓar wannan gefen nan gaba, don kada ciyawa ta rufe ɗan'uwana."

Tagar ɗakin Narae tana kallon gareji, ashe a buɗe take.

"Kaka Manho!"

"Na'am, 'yar nan. Ashe ba barci kike ba."

"Jikan naka da ke kuka idan ya ga ƙadangare? Shi zai yanke wa kakana ciyawa?"

"Ja'ira! Bakinki dai bai yi ciwo ba."

"Ka shirya gwiwoyinka. Zan wuce ka a hanya, ba zan ɗauke ka ba."

Ya yi dariya, ya ce zai ga wannan rana. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya matsa da ƙarfi, bai ce komai ba. Na fi son ya yi magana.

Juma'a, 16 ga Agusta, tsakar rana

Jiya hutu ne, saboda haka yau suka tafi gari. Na haɗa wayoyi. Ja da ja, kore da kore. Akwai wata baƙa mai ratsin fari da zanen bai nuna ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ya tashi.

Da farko ya ƙi. Na cire fulogi na goge, na duba kafireta, na karanta shafin matsaloli daga sama har ƙasa, sai a layin ƙarshe na ga ban buɗe makunnin fetur ba. Ina buɗewa ya kama da bugu ɗaya. Muryarsa ta fi ta tsohon kauri sosai, kaji suka watse.

Narae ta ɗora haɓa a kan taga, hularta ta saƙa a kai duk da zafin nan.

"Baba, ƙara totur!"

"Littafin ya ce a bar shi ya yi ɗumi tukuna."

"Littafin ba ya jin ka. Ƙara!"

Na ƙara kaɗan. Ta buga tafi. Okju ta fito da wuƙa a hannu tana cewa mun tayar da unguwa, amma ta tsaya a bakin ƙofa har na kashe, kuma ba babur ɗin take kallo ba.

Na sa wa tayar baya faifan sarƙa mai haƙora da yawa, domin ƙarfin ya tafi ga hawa maimakon gudu. Na ɗaure kusar da ke taƙaita totur a rabi. Na ci abinci sosai yau.

Talata, 20 ga Agusta, da yamma

Ruwa da iska tun asuba. Jirgi bai zo ba. Babur ɗin yana tsaye a kan bulo ba shokozoba.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Alhamis ce. Sun daɗe ba su dawo ba. Da suka dawo Okju ta wuce da ita ɗaki kai tsaye.

Shokozoba sun iso, masu jan sifirin, suna ƙyalli. Na ɗaura su duka uku, na ɗaure kowace kusa gwargwadon ƙarfin da aka rubuta. Okju ta leƙo gareji ta tsaya.

"Baban Narae, ba za ka tambaya ba?"

"Ina zuwa. Saura noti ɗaya."

Ta jira kaɗan, sannan ta tafi. Notin ya fi ɗaya.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta shi bi da bi, kamar yadda ya faru.

Ɗan littafin ya ce idan mahayi ya zauna, sifirin ya lotsa kashi ɗaya cikin uku. Na yi alama da alli a jikin shokozoban baya kafin Narae ta hau. Okju ta riƙo ta suka fito, ta hau da kanta, ta sa hular kwano a kan ta saƙa. Na durƙusa da ma'auni.

Bai lotsa ba. Alamar tana nan inda na sa ta.

Na ce ta gyara zama. Ta gyara. Na sassauta zoben sifirin har matakin ƙarshe, ya motsa kamar faɗin farce. Na ce a raina sabo ne, zai saki idan ya yi tafiya. Babu inda littafin ya faɗi haka, ni na faɗa.

Ta bi lungun da ke tsakanin katangun dutse a hankali, ina gefenta. Ta yi kyau a kai. Sai tayar baya ta taka saiwar itacen lemo da ta ratsa hanya, abin da tsohon babur ɗin yake wucewa ba a ji ba. Kujerar ta cilla ta sama, ƙirjinta ya bugi kan babur ɗin. Ba ta faɗi ƙasa ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Ba komai, ba komai, kada ka gaya wa Mama," alhali Maman tana bayanmu tana gudu.

Kafin la'asar wurin ya yi shuɗi, faɗin tafin hannuna. Okju ta kira likita, ya ce a sa ido a kai.

Ta same ni a gareji ina sake karanta jadawalin nauyi na masu sayarwa.

"Sun turo maka wanda ba shi ba ne?"

"A'a. Wanda na nema ne. Na lissafa, talatin da shida na bara, na ƙara..."

"Ka ƙara."

"Sun ce yaro girma yake yi."

Ta zauna a kan bulo, ta rufe fuskarta da hannu biyu. Na ɗauka kuka take yi, sai na ji kamar dariya ce, sannan na kasa bambancewa.

"Baban Narae, yaushe rabonka da ɗaga ta?"

Na ajiye jadawalin.

"Ni nake ɗaga ta zuwa wanka. Ni, da wannan bayan nawa. Da hannu ɗaya nake buɗe ƙofa tana ɗaya hannun. Je ka ɗaga 'yarka, sannan ka dawo ka yi lissafi."

Lahadi, 25 ga Agusta

Ban shiga gareji ba. Ban shiga ɗakin Narae ba.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na dawo daga aiki na tarar da Narae a tabarmar baranda tana son komawa ciki, Okju tana bayan gida da wanki. Na ce bari in kai ki. Ta dube ni, ta ce goyo ne ta hana, ɗauka ba laifi.

Yini guda nake ɗaga akwatunan lemo, hannuna ya san awo ko ba sikeli. Na shirya ƙarfin da zan ɗaga ta, sai ta taho sama da sauri har na kusa buga kanta a katakon ƙofa.

Ba zan rubuta adadin ba.

"Baba, ka ga? Kai ne ka ƙara ƙarfi."

"Haka ne."

"Zan hau dai, ko?"

Na ce za ta hau. Na ajiye ta, na gyara mata matashi, na zauna a bakin katifa har ta yi barci. Ɗakin yana warin magani da ɓawon lemo. An canza labule, ban san yaushe ba.

Talata, 27 ga Agusta, tsakar rana

Na kira masu sayarwa. Masu laushin suna nan, amma wata guguwar ta taso daga kudu, an tsayar da jirage har ƙarshen mako. Na kira shaguna a gari, ba mai ajiye na yara. Na je na duba tsofaffin da na yanke da zarto, na daɗe ina kallonsu, kamar kallo zai haɗa su.

Na gaji. Na gaji ƙwarai.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Teku ya ƙi shiguwa, matan nutso duk suna gida. Inna ta shigo gareji tana jan wani abu a ƙasa, ta sake shi a gabana da ƙara. Ɗamararta ce ta nutso, da curin dalma jere a jikinta.

"Na ji wai ƙarfen naka yana neman nauyi."

"Inna, wannan ta aikinki ce."

"Na tambaye ka ta wace ce? Mu ma idan rigar roba ta ƙi barin mu mu nutse, ba sabuwar riga muke jira daga Seoul ba. Ko sai ka duba takarda?"

Na duba, gaskiya. Takardar ba ta hana ba. Ta ce kawai duk kayan da za a ɗora su kasance ƙasa-ƙasa, a tsakiya. Na huda ƙarfe mai faɗi na ɗaure shi a ƙarƙashin kujera, na jera dalmar ɗaya bayan ɗaya, kowace da kusarta. Narae ta zauna, na durƙusa da ma'auni, Inna tana miƙo mini. Ɗamarar ta ƙare alamar ba ta kai ba. Inna ta dubi ɗamarar da ba komai, ta fita, ta dawo da guda biyu daga wajen maƙwabciyarta. Da su ya lotsa daidai.

Narae ta ce, "Kaka, yanzu da me za ki nutse?"

"Da nauyin bakinki, mara kunya. Ki dawo mini da kayana ba ƙwarzane."

"Idan na ƙi fa?"

"In bi ki har Seoul da rigar roba, in tsaya a gaban likitocinki."

Sun yi ta yi. Ni ina ƙasa ina ɗaure notuna, na ji daɗin cewa ba wanda ke ganin fuskata.

Narae ta sake bin lungun. Ta taka saiwar, babur ɗin ya haɗiye ta.

Alhamis, 29 ga Agusta

Alhamis ce. Yau ni na kai su. Kujerun wurin jira masu sanyi ne.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Kan maganar hawan tudu, likita bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce kada ta faɗi. Ya maimaita.

Okju ta yini ba ta tayar da maganar ba, sai da yamma ta zo gareji ta nuna bayan kujerar.

"Ina igiyar nan da take nan tun tana ƙarama? Wadda idan an fizge inji ya mutu?"

Na ce na cire ta lokacin haɗa wayoyi, domin ta masu koyo ce.

"Mayar da ita. Kai za ka riƙe, daga ƙasa har sama. Idan ba haka ba, ba inda za ta."

"Maman Narae, a kan gangara idan inji ya mutu..."

"Ban iya inji ba. Na dai san ina son wani ya riƙe wani abu."

Na mayar. Ashe baƙar wayar mai ratsin fari tata ce.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai babur ɗin gindin tudu a bayan mota, na ɗaura masa buhun taki, na bi gefensa ina danna totur. Yawancin hanyar lafiya lau. Amma gab da sama akwai wurin da ya miƙe, jan tsakuwa ce mai zamewa, a nan ya tsaya yana tono. Sai da na kwance kusar totur, na koma baya na taho da gudu, sannan ya haye. Wato dole ta shiga wurin da ƙarfi, kuma dole mai riƙe da igiya ya yi gudun da ya kai nata.

Na gwada gudun ni kaɗai, ba babur. Na zauna a kan dutse na daɗe kafin ƙirjina ya daina bugawa a kunnena. Ban gaya wa Okju ba.

Na wasa ƙaramin lauje.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na gaji, rubutun ba zai yi kyau ba.

Gari ya waye tas. Dangi sun cika gindin tudu, har da waɗanda suka samu jirgin sama daga Busan da Osaka, kowa da tawul a wuya, injinan yankan ciyawa a kafaɗa. Da muka sauke babur ɗin yara suka kewaye shi. Jikan Baffa ya tambaya ko zai ɗana, Narae ta ce ya bari sai ya girma. Ya girme ta da shekara biyu.

Maza suka yi gaba. Muka bi su a hankali, ita a sama, ni a baya da igiya naɗe a hannu, Okju da Inna a bayana da kwandon abinci. Ba ta yi ganganci ba ko sau ɗaya. Inda hanya ta yi rami ta rage, inda ta yi santsi ta bi gefe, kamar yadda muka yi magana. Sifirin yana lotsawa yana tashi. Na kalle shi fiye da yadda na kalli hanya.

Mun tarar da Baffa Manho a rabin tudu ya dafa gwiwa yana haki. Ta danna masa ham.

"Kaka Manho, a ba mu hanya!"

"Wuce, 'yar banza, wuce! Changsik, ka riƙe ta da kyau!"

A ƙasan jan tsakuwar ta tsaya da kanta, ta waiwayo. Leɓɓanta sun yi fari. Na ce mu huta, ta ce idan ta huta ba za ta iya sake riƙe kan ba. Na duba hannuwanta, na ga gaskiya ta faɗa. Wannan hannun ba zai matse birki ya tsayar da babur da dalma a kan gangara ba, idan inji ya mutu.

"Ka shirya, Baba?"

Na ce na shirya.

Ta danna. Na bi ta. Taku na farko lafiya, sannan tsakuwa ta soma gudu a ƙarƙashin takalmina, ita tana gaba ni ina nan. Igiyar ta tashi daga ƙasa, ta miƙe, na ga marfin da take ɗaure da shi a bayan kujera, wanda in ya fita inji zai mutu, ya soma karkacewa. Na ji Okju tana kiran sunana, ainihin sunana, wanda ta daɗe ba ta kira ba. Ban san abin da take nufi in yi ba, har yanzu ban tambaye ta ba.

Na warware igiyar daga hannuna na sake ta.

Na faɗi a kan gwiwoyina. Daga nan ƙasa na ga tayoyin baya suna watso tsakuwa, bayan babur ɗin ya karkata hagu, ya dawo, igiyar tana bin sa tana tsalle, hular kwanon ta yi ƙasa ta yi sama, sai ta ɓace a bayan kan tudun. Injin ya ci gaba da ƙara. Sannan ya yi shiru, irin shirun da mutum ya kashe da makulli.

Da rarrafe na ƙarasa. Okju ta wuce ni a hanya, ba ta dube ni ba, ta yar da kwandon.

Narae ta kai babur ɗin har jikin katangar dutsen da ta kewaye kabarin mahaifina, ta jera shi da ita kamar mai ajiye mota. Duk injinan yanka sun tsaya, mutane suna kallo. Okju ta shafa ta daga kai har ƙafa tana tambaya ina ne, ina ne, ita kuwa tana cewa, "Mama, ana kallonmu." Ba za ta iya tsallake katangar ba, kuma ba wanda ya ce zai ɗaga ta. Ta miƙo hannu, na ba ta laujen. Daga kan kujera ta sunkuya ta kama ciyawar da ta fito tsakanin duwatsu, ta yanke. Damƙa uku ta yi, ta huɗu laujen ya fi ƙarfinta, ta riƙe shi a cinya.

Baffa ya iso a ƙarshe. Ya dubi ciyawar da ke ƙasa, ya dube ta, ya goge fuska da tawul ya daɗe yana gogewa.

"To. Wannan gefen naki ne. Amma aikin bai yi tsafta ba, baɗi ki zo da wuri."

Ba wanda ya motsa. Inna ta juya tana kallon teku.

Narae ta ce, "Kai dai ka zo da sababbin gwiwoyi."

Aka zuba giya, aka yi gaisuwa. Ita ta sunkuyar da kai daga inda take. Saukowa ni na ja babur ɗin inji a kashe, ina matse birki, tana zaune ta jingina da mahaifiyarta da ke tafiya a gefe. Ta ce wannan ba goyo ba ne. Muka ce ba goyo ba ne.

Okju ta wanke mini gwiwa da muka dawo, ta cire tsakuwar ɗaya-ɗaya da hantsaki. Ba ta yi maganar igiya ba. Ta matsa maganin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Talata, 3 ga Satumba, tsakar rana

Na kai su filin jirgi. Ni na ɗauki Narae daga mota zuwa keken marasa lafiya. A bakin ƙofar shiga ta jawo hannun rigata.

"Baba, kayan Kaka ne a ƙarƙashin kujerar nan, kuma ka san halinta. Duk ranar da na kira na ce na ƙara kilo ɗaya, ka cire guda ka mayar mata. Ka fara da na maƙwabciya."

Na ce to.

"Kada ka cire kafin in kira."

Na ce ba zan cire ba.

Gidan shiru. Inna ta ari ɗamara ta tafi teku. Na wanke babur ɗin, na cire jan tsakuwa daga tayoyi, na rufe shi da tsohon bargo. Sannan na sake buɗewa, na ɗaga kujera, na shafa wa kusoshin dalmar giris ɗaya bayan ɗaya, domin su kwance ba wahala. Wayata tana aljihun gaba, na ƙara mata ƙara.